Yadda Za Ki Hana Mijinki Hawa Jirgi da Kasko Uku

'Yar'uwa, ajiye wankin nan ki zo. Idan mijinki mai kamun kifi ne, kifi kuma ya ja baya, kawunsa ya samo masa gurbi a jirgin dakon kaya da zai tafi da shi wata tara ya bar ki da jaririya, to ni Yurleidis ina da magani. Ba saiwa ba ce, ba kunna kyandir a coci ba ne. Kasko ne. Na gwada da hannuna, kuma duk wadda ta bi matakan nan yadda na jera su, na rantse mijinta ba zai taka tashar Cartagena da jaka ba.

Bakina ƙaiƙayi yake yi in faɗa miki ƙarshen tun yanzu, amma sai kin biyo ni a hankali. Da hannu ɗaya nake rubutun nan. Ɗayan yana riƙe da Maryoris, watanta biyu da kwana shida, kuma shekaranjiya ta yi min dariya. Dariya ta gaske, ba iskar ciki ba, ko me surukata za ta ce.

Mataki na ɗaya: Ki tabbata mijinki maƙaryaci ne

Wannan ba wuya. In yana kamun kifi, an gama, wuce mataki na biyu.

Nawa sunansa Dagoberto, muna ce masa Dago. Ba ya shan giya, ba ya kallon matan da ke zuwa wanka bakin ruwa, yana jijjiga jaririya har ta yi barci shi ma ya bi ta. Amma ya kamo jan kifi mai tsawon tafin hannu da safe, kafin la'asar a teburin da maza ke wasan domino kifin ya kai kamu ɗaya. Ranar Lahadi kuma za ki ji mutum biyu ne suka ɗauko shi daga kwalekwale.

Ba halinsa ba ne, hannuwansa ne. Da ya ce “kifi” sai su buɗe da kansu kamar ƙofar shago. Ranar da na haihu, ya gaya wa duk tsibirin nan cewa ungozoma biyu ne suka taru suka ɗaga yarinyar.

Ki riƙe wannan: namijin da bai taɓa ƙara wa kifi tsawo ba, ki bincika, ƙila ba teku yake zuwa ba.

Mataki na biyu: Ki nemo masa aikin da ba wanda ya gane kansa

A ƙarshen gadar katako da ta miƙe cikin teku akwai ɗakin masu binciken teku. Shugabarsu Dakta Ximena, 'yar Bogotá ce, hancinta kullum yana saɓa saboda rana. Murjanin da ke ƙarƙashin ruwanmu take nazari, wato duwatsun nan masu rai inda kifi ke zama. Ta ce ruwa ya yi zafi, murjanin yana fari yana mutuwa, shi ya sa kifi ke guduwa. Tana neman mutum ɗaya daga tsibirin nan, aikin dindindin.

Ga aikin. Ka goya tukunyar iska, ka sa takalman kwaɗo da gilashin fuska, ka nutse. Ka shimfiɗa igiyar awo mita talatin a kan murjani, ka bi ta sannu a hankali. Duk kifin da ka gani ka rubuta irinsa da tsawonsa a farin allo, da fensir, a cikin ruwa. Sannan ka bar shi ya tafi.

Da surukata Mama Temilda ta ji wannan na ƙarshe, sai ta ajiye ludayi.

“Ka ga kifi, ka rubuta sunansa, ka ce masa sai an jima?”

“Haka ne, Mama,” in ji Dago.

“Rajistar zaɓe za a yi musu? Kai, je ka hau jirgi kamar 'ya'yan mutane.”

Kafin a ba ka aikin akwai jarrabawa. An sassaƙa kifayen katako guda ashirin, an ɗaure su a igiya can ƙasa, kowanne da lambarsa. Za ka bi su ka rubuta ajin kowanne: ƙasa da santimita goma, ko zuwa ashirin, ko zuwa talatin, ko zuwa arba'in, ko wanda ya haura. Sai ka ci sha takwas.

Ranar Litinin aka yi gwaji. Dago ya ci uku.

Ina tsaye a kan gada da goyo na ji Dakta tana ce masa, “Dagoberto, ba wanda ya san ruwan nan kamarka. Kana gane kifi tun daga inuwarsa. Amma a allonka babu ko ɗaya da bai haura arba'in ba. Wannan fa? Tsawon yatsana ne.”

“Dakta, a ƙasa ya fi haka.”

“Gilashi yana ƙara wa abu kashi ɗaya cikin uku, na sani. Sauran kai ka ƙara.”

Jarrabawar gaske ranar Juma'a. Jirgin Kawu Eulogio kuma Litinin mai zuwa zai tashi. In Dago ya faɗi, jirgi zai hau, sai dai ya dawo ya tarar da 'yarsa tana tsaye tana riƙe da kujera, tana kallonsa kamar mai karɓar kuɗin lantarki.

Mataki na uku: Ki gwada abin da ba zai yi aiki ba, don hankalinki ya kwanta

Na ari rula a wurin maƙwabciya na ɗora masa a cinya. Ya juya ta, ya ce, “Yurle, wannan ta yara ce. Ta manya ta fi tsawo.”

Sai na ɗauki zanin goyo na ɗaure masa gwiwar hannu biyu a jikin haƙarƙari, tam. Na ce to, ba ni labarin kifin jiya. Ya yi ƙoƙari, na ga gumi ya feso masa. Can sai na ga ƙafafunsa suna buɗewa a hankali har ya kusa tsagewa.

Na ɗaure ƙafafun. Ya yi da girarsa.

Kada ki ji haushi. Ki kwance shi ki ba shi abinci.

Mataki na huɗu: Ki zauna kusa da murhun surukarki ki buɗe kunne

Mama Temilda tana da rumfa a bakin ruwa, dab da gadar. Shekara talatin tana soya kifi da agada, wato ayabar suya, da shinkafar kwakwa a gefe. Kaskonta uku, kuma kowanne da suna: Auta, Yaya da Kaka. Sabulu bai taɓa taɓa su ba. Ta fi yarda ki ɗauki ɗanta da ki ɗauki Kaka.

Ranar Talata ina zaune ina ba Maryoris nono, raina a ɓace, sai ga Dago ya dawo daga kamun kifi. Kwalekwalen bai ma taɓa yashi ba Mama ta ɗaga murya.

“Kai! Me ka kawo?”

“Auta huɗu, Mama! Yaya biyu! Ɗaya kuma Yaya ce, amma wutsiya za ta leƙo yatsa ɗaya!”

Na dubi hannuwansa. Suna nan a kan igiya, ko motsi ba su yi ba.

Ya juye kifin, Mama ta jera. Huɗu suka kwanta a Auta kamar an ɗinka musu. Biyu a Yaya. Na bakwai, wutsiya ta leƙo. Na sa yatsana na auna. Yatsa ɗaya cif.

Na ce, “Mama, ya aka yi bai taɓa yi miki ƙari ba?”

Ta ce, “Ya taɓa. Yana shekara bakwai ya ƙwala min kira daga ruwa wai Kaka. Na cika Kaka da mai, na hura wuta, mai ya yi zafi, sai ga shi da abin da ko kyanwa sai ta yi tunani. Duba bayan kansa.”

Na san wurin. Na ɗauka da shi aka haife shi. Ashe zanen ludayi ne.

Kin gane? Idonsa bai taɓa yin ƙarya ba. Tun yana yaro yake nutso yana zaɓar kifi daidai kasko, da gilashin da komai. Santimita ce bai sani ba, kuma ba ya tsoronta. Santimita ba ta da ludayi.

Mataki na biyar: Ki auna kaskon, amma ki tanadi ƙaryarki tukuna

Laraba da sassafe Mama ta tafi addu'a. Na ɗauki tef ɗin ɗinki na lallaɓa rumfa. Makaranta a aji biyar na tsaya, amma tef na san shi kamar fuskata.

Bakin ludayi, goma. Auta, ashirin. Yaya, talatin. Kaka, arba'in. Babu ƙari babu ragi! Na yi ihu har Maryoris ta farka ta taya ni.

“Me kike auna min?”

Mama ce a bayana, da carbinta a hannu. Ni kuma ban tanadi komai ba. Bakina ya ce, “Riguna zan ɗinka musu, Mama. Saboda ƙura.”

Ta dubi tef ɗin. Ta ce, “Kaka ba ta son jan launi.”

Shi ya sa na ce ki tanadi taki. Ni har yau ina ɗinka wa kasko riga, da leshi a baki.

Amma na samu abin da nake so. Na rubuta wa Dago a cikin hannunsa da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa: ludayi goma, Auta ashirin, Yaya talatin, Kaka arba'in. Wanda ya fi haka kuwa, “sai an yanka biyu.” Na ce, “In ka nutse, ka manta da Dakta. Ka ɗauka Mama ce a kan gada, ta riga ta zuba mai.”

Ya shafa bayan kansa.

Mataki na shida: Ki soya katako

A nan ne mata da yawa za su karaya. Kada ki karaya.

Na roƙi Dakta ta ara mana kifin katako ɗaya na ajiya don mu gwada. Na kai shi inda ruwa ya kai ƙirji, na danne da dutse, na ce Dago ya leƙa. Ya ɗago ya ce, “Ya haura arba'in.”

“Dago! Wane kasko?”

“Yurle, katako ne fa. Wa ke soya katako?”

Kin ji matsalar. In abu ba na ci ba ne, tsoron Mama ba ya sauka a kansa, sai tsohon ciwo ya dawo. Kuma duk kifayen jarrabawa katako ne.

To ranar Alhamis, da Mama ta zagaya kai wa baƙi abinci a ƙarƙashin laima, na ɗauki adda na yi wa katakon tsaga uku a kowane gefe, yadda ake yi wa na gaske. Na shafa gishiri, na matsa lemon tsami, na goga tafarnuwa. Na kira Dago ya tsaya a gefe. Na jefa katakon cikin Auta.

Ya yi cuwww. 'Yar'uwa, ƙamshi ya tashi! Na ga maƙogwaron Dago ya motsa. Idonsa ya canza. A hankali ya ce, “Auta ce. Da sauran wurin agada biyu.”

Ya warke.

Wani baƙo mai jar fuska ya matso yana nuna kaskon, wai shi wannan yake so. Ina cikin yi masa bayani da hannu Mama ta iso. Ta dubi kasko, ta dube ni, ta ɗaga kai sama.

“Budurwa Maryamu, kin ga abin da ɗana ya auro min. Ke 'yar nan, haihuwar ce ta taɓa miki kai?”

“Gwaji nake yi, Mama.”

“A cikin Auta? Kada in ƙara ganin ƙafarki a rumfar nan sai ranar baftismar yarinyar nan. Kai kuma, mai rajistar kifi, na goge maka riguna huɗu, jakarka tana nan a shirye.”

Na mayar wa Dakta kifinta ya yi launin zuma. Ta shinshina, ta buɗe baki, ta fasa tambaya. Masu ilimi sun san inda ake tsayawa.

Mataki na bakwai: Ranar jarrabawa ki yi shiru

Juma'a da hantsi kowa ya hallara. 'Yan domino sun bar teburinsu, abin da ko ranar guguwa ba su yi ba. Kawu Eulogio ya zo da hular jirginsa. Mama ta ajiye jakar Dago a kan benci a gaban rumfa inda kowa zai gani, ta ci gaba da suya kamar ba ta san ana yi ba.

Wani daga cikin 'yan domino ya ce, “Dago, in ka ga babban kifin nan da ya ja kwalekwalenka bara, ka gaishe shi!”

“Ka rage masa mita biyu saboda Dakta!” in ji wani.

Ya nutse. Minti arba'in ina kallon kumfa. Na yi wa Maryoris waƙa uku, ban san me na rera ba.

Ya fito ya miƙa allo. Dakta ta zauna a bakin gada da takardarta tana dubawa. Na farko, kuskure. Na biyu, kuskure. Dago ya ce a hankali, “Lokacin ban tuna da Mama ba tukuna.” Daga na uku sai daidai, daidai, daidai, har Dakta ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Sai ta zo na sha ɗaya ta tsaya. Ta ƙarasa sauran, ta koma kansa.

“Sha bakwai,” ta ce. Muryarta ba daɗi. “Na sha ɗaya ka sa shi a ajin arba'in. A takardata ashirin da tara ne. Dagoberto, ban taɓa ganin wanda ya tashi daga uku zuwa sha bakwai a kwana huɗu ba. Amma sha takwas aka ce, kuma ba ni kaɗai na sa dokar ba.”

“Dakta, ba ya shiga Yaya. Wutsiya za ta leƙo yatsa biyu.”

“Wace ce Yaya?”

Kawu Eulogio ya je ya ɗauki jakar daga kan benci ya rataya. Dago ya dubi Maryoris, ya sunkuyar da kai, ruwa yana ɗiga daga gashinsa a kan katako. Ni kuwa na fara lissafi. Wata tara. Na ga haƙorinta na fari, na ga rarrafenta, duk ba shi.

Mataki na takwas: Yanzu ki buɗe bakin, ki juya shi wajen rumfa

Ba da Dakta za ki yi ba. Ba kuka za ki yi ba. Ki gyara goyo, ki cika ƙirji, ki yi magana yadda za a ji har bayan murhu.

Na ce, “To shi ke nan, Dago, haƙuri za ka yi! Takardar Bogotá ta ce Yaya ƙarya take yi! Shekara talatin ashe Mama da kaskon ƙarya take suya!”

Ƙarar suya ta tsaya.

Mama ta juye man Yaya a kwano, ta kama hannun kaskon da tsumma, ta hau gada. Mutane suka dare. Kaskon yana hayaƙi, ita ma haka.

“Wa ya ce?”

“Mama Temilda,” in ji Dakta, “ba wanda ya…”

“'Yata, shinkafata kike ci kullum, ban taɓa ce miki teku ba ta da gishiri ba. A ɗauko min katakon.”

Dago ya faɗa ruwa ko gilashi bai sa ba, ya kwanto na sha ɗaya. Mama ta kwantar da shi a cikin Yaya, kai ya taɓa baki. Wutsiya ta leƙo waje. Ta kama hannun Dakta da kanta, ta jera mata yatsu a kai. Biyu.

Dakta ta ciro tef daga aljihu. Ta auna kaskon, talatin. Ta auna kifin. Ta sake aunawa.

“Talatin da uku,” ta ce. “Ta yaya? Ai kifin katakon na asali, igiyar ruwa ta tafi da shi bara, na ba Baba Nicomedes kafinta takarda, na rubuta masa ashirin da tara da hannuna.”

Baba Nicomedes yana cikin 'yan domino. Kafin ya koma sassaƙa, shekara arba'in ya yi yana kamun kifi. Ya cire hula yana murza ta.

“Dakta, ashirin da tara na yi niyya. Da na zo wajen wutsiya sai na ga abin ya yi ƙanƙanta, mutane za su ce ban iya ba.”

Dakta ta zauna daɓas a kan gada tana dariya har da hawaye. Can ta tuna ɗaliban jami'a nawa ta kayar a kan kifin nan tun bara, sai dariyar ta tsaya. Ta ɗauki fensir ta goge, ta rubuta sha takwas.

Ni dai ban san lokacin da na fara tsalle da goyo ba. Dago ya samu aikin! Ya samu! Kin ji abin da ke cin bakina tun layin farko!

Na je zan rungume Mama ta tare ni da kasko.

“Ni ban ce ya zauna ba. Sunan kaskona na wanke.” Sai ta juya ta fizge jakar daga kafaɗar Kawu Eulogio. “Kawo nan. Rigunan da na goge, wa zai sa su ranar baftisma, kai?” Da za ta wuce ta ɗan taɓa ƙafar Maryoris, kuma na ga ta share ido da tsumman kasko. Ta ce hayaƙi ne.

Yau sati uku ke nan. Ƙarfe bakwai yake fita, ƙarfe biyu ya dawo da kunne cike da ruwa da shatin gilashi a fuska, ya ɗauki 'yarsa. Dakta ta manna hoton Auta, Yaya da Kaka a bangon ɗakin bincike, kuma duk sabon ɗalibi sai ya yi kwana uku a rumfar Mama kafin a bar shi ya taɓa ruwa. A teburin domino kuwa ciwon yana nan. Jiya na ji yana cewa shi kaɗai ya ƙirga kifi dubu tara da numfashi ɗaya.

Abin da ba ruwana da shi

In kin auna kaskon surukarki kin tarar ashirin da bakwai ne, ba ruwana, kowa da surukarsa. In katako ya kama da wuta, ban san ki ba. In kin ƙare da ɗinka wa tukwane riguna, na gaya miki tun a mataki na biyar.

Kuma in idon mijinki ya buɗe ya ƙi rufuwa, kada ki zo ƙofata. Jiya muka kai Maryoris awo asibiti. Sabuwar nas ce, daga birni, ba ta san kowa ba. Ta kwantar da yarinyar tana neman tef, sai Dago ya leƙo daga bakin ƙofa, ya dubi 'yarsa da fuska cike da alfahari, ya ce:

“Ta wuce Kaka. Wannan sai an yanka biyu.”

Nas ɗin ta suri yarinyar ta rungume, ta ja da baya har bango, ta ce ba za ta ba mu ita ba sai wani ya yi mata bayani. Awa ɗaya na yi ina yi, tun daga mataki na ɗaya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wata mai zuwa akwai allurar rigakafi, takardar kawai zan miƙa mata.